Tanimu da Kamfanin Masu Shuɗiyar Riga

Tanimu Mamani yana zaune a ƙofar shagonsa da ke bakin tashar Dakoro, ya kwance bayan wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, yana hure mata ƙasa, sai ga wata farar babbar mota katkat ta ratso titi a hankali kamar mai tausayin ƙasar da take takawa. Masu kabu-kabu suka bi ta da kallo. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shagon ya miƙe da buta a hannu, ya ce, "Kai Tanimu, wannan ba Abdurrazak ɗinku ba ne?"

Shi ne kuwa. Ya fito sanye da shuɗiyar riga mai ɗan tauraro a kan aljihu, ya yi ƙiba, fatarsa ta yi luwai irin ta wanda rana ta daɗe ba ta gasa ba. Bai tsaya gaisawa da kowa ba sai da ya zo ya rungume Tanimu, da ƙurarsa da komai.

"Yaya Tanimu! Har yanzu kana nan kana fama da gawarwakin nan?"

Da wasa ya faɗa, kuma Tanimu ya san wasa ne. Ya yi dariya yadda ya kamata. Amma kalmar ta shige shi ta samu wuri ta zauna.

Abdurrazak Hamid ɗan makiyayan Tagriss ne. Yana yaro mahaifinsa ya kawo shi gidan Malam Mamani, mahaifin Tanimu, wanda a lokacin dillali ne a kasuwar dabbobi, don ya samu wurin zama ya ci gaba da karatun boko a lakwal. Ɗaki ɗaya suka kwana da Tanimu shekara da shekaru, kwano ɗaya suka ci. Da Tanimu ya je Maraɗi ya koyo gyaran ordinater ya dawo ya buɗe shago, Abdurrazak ne ɗalibinsa na farko. A wurinsa ya ji karatun da duk mai zama a shagon ya haddace: cewa inji jiki ne kawai, sistem ɗin da ke cikinsa shi ke ba shi umarni, kuma manyan kamfanoni suna sayar maka da jikin ne su riƙe mai umarnin a hannunsu. Shi ya sa Tanimu ba ya saka wa kowa sistem ɗin kamfani. Na kyauta yake sakawa, wanda masana na ƙasashe da yawa suka haɗu suka rubuta, wanda kowa ke da damar buɗe cikinsa ya ga abin da yake yi. A wancan zamani Abdurrazak har ya fi shi zafi a wannan magana. Daga baya ya samu gurbin karatu ya tafi Yamai, labarinsa ya koma sai a waya.

Tanimu kuwa ya zauna. Abin da yake tinƙaho da shi a duniya shi ne ofishin Uniyo, wato haɗakar ƙungiyoyin makiyaya da manoma da ke bayan kasuwar dabbobi. Shi ya bi ya tsinto tsofaffin injunan da masu puroje, wato ƙungiyoyin agaji, suka zubar, ya haɗa wannan da wancan, ya tayar da su, ya koya wa ma'aikatan Uniyo yadda za su riƙa shigar da labarin rigakafi da rijiyoyi da rumbunan dusa. Abin da suke ba shi bai taka kara ya karya ba, amma in ya shiga ofishin har shugaba yakan ce, "Injiniya ya iso."

To, wannan ofishi ne ya kawo Abdurrazak. Kamfanin da yake wa aiki zai ba Uniyo sababbin injuna, da ƙananan alluna masu latsawa na ma'aikatan daji, da farantan hasken rana, duk kyauta. Sharaɗin kawai shi ne a yi aiki da sistem ɗinsu, kuma duk abin da aka shigar ya riƙa tafiya ta rezo, wato intanet, ya zauna can wurinsu. Sunan kamfanin ya yi wa mutane wuyar faɗa, sai suka sa masa kamfanin masu shuɗiyar riga.

Da yamma Tanimu ya leƙa gidan mahaifinsa, ya tarar an shimfiɗa tabarmar baƙi a tsakar gida, an dama fura da nonon da ake ɓoye wa manya. Malam Mamani, wanda ciwon gwiwa ya hana shi ko zuwa masallaci da kansa, yana zaune tsaf yana dariya har haƙoransa na gefe sun fito. A hannunsa akwai sabuwar waya mai faɗi.

"Zo ka gani, Tanimu, zo ka ga abin da ƙanenka ya kawo mini. Magana take, da Hausa!" Ya kai wayar bakinsa ya ɗaga murya kamar yana ciniki a kasuwar dabbobi. "Ke, nawa rago yake a Maraɗi yau?"

Wayar ta amsa da muryar mace. Tsoho ya buga cinya, ya dubi Abdurrazak irin kallon da Tanimu bai tuna ranar da aka yi masa ba.

"Ɗana ya dawo," in ji shi. "Na faɗa ma ubanka tun kana ƙarami, wanga yaro zai yi nisa."

Idon Tanimu ya faɗa kan taga. Can aka ajiye tsohuwar wayar da ya gyara wa tsohon har sau ba adadi, da ɗan kyauron roba ɗaure a tsakiyarta. Aka miƙo masa fura, ya kurɓa, ya ji kamar ba a sa mata komai ba.

A gida ma bai huta ba. Matarsa Balkisu tana kwashe tuwo ta ce, "Ka ga yadda Baba ya yi ta murna? Abdurrazak dai bai manta alheri ba. Har atamfa ya kawo mini, da takalmi na Haula." Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Baban Haula, mi zai hana ka yi mishi magana ya nemo maka wuri a kamfanin nasu? Ai ka fi shi sanin aikin."

"Ni in nemi aiki wurin Abdurrazak?"

"To ai ɗan gida ne."

Ya ture kwanon ya tashi ya fita. Balkisu ta bi shi da ido, ba ta san abin da ta taɓa ba.

An sa ranar babban taron Uniyo inda wakilai za su yanke shawara. Kafin ranar, Tanimu ya rufe shago fiye da yadda ya buɗe shi. Ya hau babur ya bi wakilai ɗaya bayan ɗaya. Ya je Roumbou wurin Hajiya Sharifa, shugabar matan da ke yin cuku, mace mai kaifin baki wadda ba ta yarda da kyautar da ba ta ga gindinta ba. Ya je wurin Arɗo Yazidu, dattijon da in ya ɗaga hannu makiyayan arewa duk sukan ɗaga. Ya yi musu bayani dalla-dalla, kuma abin da yake faɗa ya yi imani da shi har zuciyarsa, tun kafin Abdurrazak ya san hanyar Yamai. Sai dai akwai abin da ba ya faɗa wa kowa. Duk lokacin da farar katkat ta gifta shi a hanya ta bar masa ƙura, ko ya ji muryar Abdurrazak a rediyo ana kiransa Mushe Abdurrazak, irin kiran girmamawa na Faransanci, ɗan ƙasa abin alfahari, wani abu yakan ci shi a rai wanda ba ruwansa da sistem ko rezo. In ya kwanta sai ya riƙa auna shekarunsu: shi da ya koyar, yana nan bakin tasha yana hurar ƙasa, wanda aka koya wa yana da direba. Yakan yi istigfari, abin ya lafa, gari na wayewa ya dawo.

Ranar taro aka kafa rumfa a harabar Uniyo tun da hantsi. Wakilai suka cika wuri, masu rawani da masu malfa, mata a gefe guda da lulluɓinsu. Shugaban Uniyo, Elhaji Jimrau, ya zauna a tsakiya. Babban ɗan kasuwar shanu ne, kuma ba wanda bai san yana harin kujerar depite ta majalisar dokoki ba. Ba wanda kuma bai san kamfanin ya ɗauke shi a jirgi ya kai shi ƙasar waje ganin ofishinsu ba, domin shi da kansa yake nuna hotunan ga duk wanda ya zauna kusa da shi.

Abdurrazak ya fara magana. Ya nuna allon, ya latsa, taswirar ƙasar Dakoro ta fito da rijiyoyinta kamar an zuba gero a faifai. Ya ce ma'aikaci zai shigar da rigakafi yana can Tagriss, nan take a gani a ofis. Mutane suka yi ta kabbara. Da ya gama Elhaji Jimrau ya gyara hula ya ce, "To, jama'a, ina ganin ba sai mun wahalar da kanmu ba."

Hajiya Sharifa ta ɗaga murya daga ɓangaren mata. "Elhaji, a bari Injiniya ya yi magana. Shi ya riƙe muna injunan nan tun ba kowa."

Tanimu ya miƙe. Ya fuskanci wakilai ya fara.

"Iyayena, ba na ce injunan nan ba su da kyau ba. Sun fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Tambaya nake so ku yi. Injin da ke ofis yanzu tsoho ne, amma abin da ke cikinsa naku ne. In na mutu yau, kowane mai gyara daga Maraɗi zai buɗe ya ci gaba. Nasu a rufe yake, mu ba mu ganin cikinsa, su suna ganin namu. Yau kyauta ne. Ranar da kuka saba, kuka zubar da tsohon, suka ce a fara biya, wa za ku kai wa ƙara? In ba ku biya ba allon zai rufe, da rigakafinku da rijiyoyinku a ciki."

Wakilai suka kasa kunne. Ya ci gaba, yana jin ƙarfinsa na ƙaruwa.

"Na biyu. Wanda ya san yawan shanun kowace rugga, ya san rijiyar da ta ƙafe, ya san rumbun da dusa ta ƙare, ya san watan da makiyayi zai kawo saniyarsa kasuwa dole ko nawa aka taya. Wannan sani dukiya ce. Wa za su sayar wa? Mu ba za mu sani ba."

Arɗo Yazidu ya gyara zama. Makiyayan da ke bayansa suka fara ƙus-ƙus.

"Na uku, ku gafarce ni. Kamfanin da ke biyan kuɗin jirgin shugabanni, shi ke sayen lokaci a rediyo, shi ke shirya tarurruka a manyan otal na Yamai. Ranar da za a zauna rubuta dokar da za ta ce wa ke da labarin dabbobinmu, waɗanda ya kai yawo su ne za su ɗaga hannu. Irin waɗannan kamfanoni ba sa tsayawa zaɓe, amma kowa ya ci zaɓen, da su yake ci. Ni abin da nake roƙo, in ma za ku karɓa, ku sa sharaɗi: duk abin da aka shigar, kwafinsa ya zauna nan Dakoro a hannun Uniyo, kuma kada a ba kowa sai da izininku."

Fuskar Elhaji Jimrau ta haɗe. Hajiya Sharifa ta ce, "Wallahi magana ke nan." Tanimu ya duba ya ga kawuna na gyaɗawa ko'ina. Bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba.

Arɗo Yazidu ya juya wurin Abdurrazak. "Ɗan Hamid, kai namu ne. Abin da ya hwaɗi, gaskiya ne ko ƙarya?"

Abdurrazak ya tashi a natse. Ya ce, "Arɗo, akwai gaskiya a ciki. Kamfani ba sadaka ya zo yi ba, riba yake nema, kuma sharaɗin da Yaya Tanimu ya kawo, taro na da ikon sa shi. Ni ba zan yi jayayya da shi a gaban jama'a ba. Duk abin da na sani a wannan aiki, a hannunsa na fara koya."

Sai tafi ya ɓarke. Masu rawani suna cewa madalla da ɗan halak, mata suna guɗa ƙasa-ƙasa. Wani ya ce, "Ka ji yaro mai tarbiyya, ya yi arziki bai manta malaminsa ba." Tanimu yana tsaye har yanzu, ba wanda ke kallonsa. Shi ya yi yawon babur, shi ya kawo hujja, shi ya yi gaskiya, amma ga shi tafin ya koma kan mai shuɗiyar riga. Ko a faɗuwa ma Abdurrazak sai ya faɗi a kan katifa. Abin nan da ke cin sa a rai ya taso, kafin ya ankara ya fito.

"Ku daina tafa masa! Daɗin baki ne, shi aka koya musu. Ni na san shi tun ranar da aka sauke shi ƙofar gidanmu da warin awaki, ko takalmi babu, bai san yadda ake kunna fitila ba. Tuwon gidanmu ya ci ya zama mutum. Yau don an sa masa riga an ba shi mota, ɗan daji zai zo ya koya muna wayewa?"

Kalmar ta fita, ta tsaya a tsakiyar rumfa. Tanimu ya ga fuskokin da suke gyaɗa masa kai ɗazu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabin wakilan nan a rugga aka haife su. Da yawansu sun taɓa sauke ɗa a ƙofar wani gida a cikin gari, ba takalmi.

Arɗo Yazidu ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya yi magana ta cikinsa a hankali. "Ashe haka kuke ganinmu."

Abdurrazak ya zauna ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. Elhaji Jimrau kuwa bai bar damar ta wuce ba. Ya ce, "Jama'a, kun dai ji da kunnenku inda maganar ta fito. Ba ta sistem ba ce. Masu son a karɓi kyautar nan yadda take, su ɗaga hannu." Arɗo ya ɗaga, arewa duk ta ɗaga. Hajiya Sharifa ta yi ta cewa a dawo kan sharaɗin, muryarta ta nutse a cikin hayaniya. Ba wanda ya sake ambatonsa.

Labari ya riga Tanimu isa gida. Malam Mamani ya aika a kira shi. Ya same shi zaune shi kaɗai, sabuwar wayar na gefe a kashe.

"Tuwon da ka yi gori da shi, kai ka noma geron?"

Tanimu ya durƙusa a gabansa.

"Shekarar da fari ya cinye garin nan, kana ƙarami, Hamid ya kore ƴan shanuna ya haɗa da nasa ya yi kudu da su. Nasa suka mutu, ya dawo mini da nawa, bai taɓa hwaɗa ma kowa ba. Nonon da ka sha ka girma, daga nan ya fito. In gori za a yi, ba mu ke da bakin yi ba." Tsoho ya juya fuska ga bango. "Tashi ka ba ni wuri."

Bayan kwana biyu, da la'asar, Abdurrazak ya zo shagon a ƙasa, ba mota ba direba, sanye da tsohuwar jallabiya. Ya ja benci ya zauna. Mai shayi ya kawo musu kofi biyu ya koma nesa inda zai iya ji.

Suka fara kurɓa. Can Abdurrazak ya ce, "Yaya, ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba warin awakin ba. Da shi na zo, gaskiya ne. Sharaɗin nan ne. Tun a Yamai na faɗa wa manyana cewa mutanen Dakoro ba za su sa hannu ba sai an bar musu kwafi. Suka ce in taro ya dage, a ba su; in bai dage ba, kada in tayar da maganar. Ni ba ni da bakin da zan nema muku. Shi ya sa da ka tashi na ji sanyi a raina. Ka riga ka ci, Yaya. Da ka zauna a lokacin nan, da an sa shi."

Tanimu ya ajiye kofinsa. Ya ce, "To me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"Na zo sau biyu, shago a rufe. Waya kuwa tasu ce, ba na irin wannan magana a cikinta." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Karatunka ban manta ba. Na dai ga in ba ni na kawo ba wani zai kawo, wanda bai san kowa a nan ba."

Ya shanye shayinsa ya miƙe. "Suna neman mai kula da injunan a nan. Ban kawo sunanka ba, na san ba za ka karɓa ba."

Ya tafi. Tanimu ya bi bayansa da kallo har ya sha kwanar tasha. Gaskiya ne, ba zai karɓa ba. Amma ya so a tambaye shi, ya so ya samu bakin cewa a'a. Ko wannan ma bai samu ba. Kuma wani sabon abu ya ƙaru a kan na da: yanzu ba motar kaɗai yake jin zafinta ba, har da wannan natsuwa, yadda mutum zai sha zagi a gaban jama'a ya zo ya zauna a bencinka ya sha shayi.

Sababbin injuna suka iso. Aka kwaso na Tanimu a amalanken jaki aka jibge masa a ƙofar shago. Washegari Hajiya Sharifa ta zo da kanta, ba ta ko amsa gaisuwarsa da kyau ba.

"Kai dai ka cuce mu, Injiniya. Ka ɗauko magana mai kyau ka zuba mata ƙasa. Zaɓo mini biyu masu lafiya a cikin tarkacen nan. Mu mata namu lissafin cukun a hannunmu zai zauna, ba na aika shi inda ban san kowa ba. Kuma in ka zo Roumbou ka kama bakinka, rabin matana ƴan rugga ne."

Ya zaɓa mata, ya ɗaura a babur ya kai da kansa.

Da damina ta faɗi, rezo ya riƙa ɗaukewa, wani lokaci ma'aikatan Uniyo su wuni suna kallon allo yana juyi ba abin da ya buɗe. Mutane suka riƙa zuwa shago suna ba Tanimu labari, suna cewa ai ka faɗa. Yakan ce Allah ya kyauta, amma a ransa daɗi yake ji, kuma ya san ba irin daɗin da mutumin kirki ke ji ba ne. Da rezo ya dawo aiki ya ci gaba, ma'aikatan daji suna yaba allunansu, ba wanda ya sake zuwa. Lokacin kamfe na zaɓe ya zo, rigunan Elhaji Jimrau suka cika gari, shuɗaye, launi ɗaya da na kamfanin. Wasu suka lura, suka yi dariya, suka sa abinsu. Kafin shekara ta zagayo aka ƙara wa Abdurrazak girma, aka ɗauke shi daga Yamai zuwa babban ofishinsu na ƙasar waje.

Malam Mamani bai sake sakar wa Tanimu fuska ba sai da ya yarda zai je Tagriss ya ba Hamid haƙuri da bakinsa. Tanimu ya tafi bayan girbi, da buhun gero ɗaure a bayan babur. Ya sami tsohon a bakin rijiya, dogo siriri, rawani ya rufe masa rabin fuska. Hamid ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya tambayi gwiwar Malam Mamani, ya tambayi Balkisu da Haula, ya sa aka yanka ɗan akuya. Sau biyu Tanimu yana ɗauko maganar da ta kawo shi, sau biyu tsohon yana tare shi da tambayar yadda gero ya yi a kudu. A na uku ya ɗaga hannu ya ce, "Yara ne ku duka. Ci nama."

Bayan sun ci, aka ɗora shayi a kan gawayi. Hamid ya laluba cikin rigarsa ya fito da waya a naɗe cikin tsumma.

"An ce Abdurrazak ya aiko hoto. Idona ba ya gani, yaran nan kuma ba su iya ba. Kai ne malaminsa, buɗe mini, ka ƙara masa girma."

Tanimu ya karɓa ya buɗe. Ga Abdurrazak tsaye a gaban wani dogon gini na gilashi, da rigar sanyi har gwiwa, yana dariya, wasu Turawa biyu sun dafa kafaɗarsa. Tanimu ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton har fuskar ta cika allon. Ya ji abin nan ya taso masa a rai kamar kullum, bai ragu da komai ba, duk da naman mutumin da ke cikin cikinsa. Ya miƙa wa tsohon.

Hamid ya kai wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. "Ya rame ko?"

"A'a Baba, lafiya lau yake. Allah ya ƙara ɗaukaka."

"Amin, amin," in ji tsohon, bai ɗauke ido daga hoton ba. Tanimu ya juya ya ɗauki butar shayin da ta fara tafasa, ya shiga zubawa.